Robar Cikin Tulu

Da ya ɗaga kwalbar saitin taga, sai Mai Kwalabe ya ƙura mata ido. Guntun robar da ya jiƙa kwana huɗu da suka wuce ya kumbura, ya yi laɓo-laɓo kamar burodin da ya faɗa cikin shayi. Ya nemi benci ya zauna yana salati.

A masana'antar sabulun nan kowa ya san inda laƙabinsa ya samo asali. Famfon da ke tura ruwan soda mai zafi bugawa yake yi kamar zuciya, shi ya sa ake ɗaura wa bututun wani ƙarfe mai tumbi da ma'aikata ke kira tulu. A cikinsa akwai jakar roba cike da iska, ita ke shanye bugun don kada bututu ya fashe. Robobin duk baƙaƙe ne, amma kama da wane ba ta wane. Mai koren ɗigo tana jure soda ko tafasa take yi. Mai jan ɗigo ta layin mai ce, soda mai zafi na taɓa ta ta fara ruɓewa. Shekara ashirin da bakwai bai taɓa yarda da takardar da ke jikin kwali ba. Sai ya yanki ɗan kunnen da ke bakin jakar, ya jiƙa a kwalbar soda, ya ajiye cikin ruwan zafi kwana uku, sannan ya ɗaura.

Wannan karon manaja ne ya tsaya masa a ka, wai motoci na jiran kaya. Ya yanka, ya jiƙa, amma a ranar ya ɗaura, da niyyar ya duba kwalbar daga baya. Ɗigon kuwa, yanar ido ta daɗe da fara cin idonsa na dama, a duhun sito ja da kore duk ɗaya suke gare shi. Bai gaya wa kowa ba, tsoron kada a ce ya koma gida ya huta.

Jiya da hantsi jakar ta yage. Bututu ya shiga jijjiga, mahaɗa ta ɓalle, soda ta yi feshi a fuskar mai kula da famfo. Mai kula da famfon kuma Auta ne, ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya, wanda shi da kansa ya riƙo hannunsa ya kawo shi aikin.

Manaja ya leƙo da takarda a hannu.

"Baba, ga rahoto. Mun rubuta cewa Auta ya bar zafi ya wuce ƙa'ida. Ka sa hannu kawai, ai aikinka ba abin tantama ba ne."

"Bari in dawo daga asibiti," in ji shi, bai ko ɗaga kai ba.

Da manajan ya fita, ya sa filaya ya zaro guntun robar, ya ɗauraye shi sosai a famfo, ya naɗe a hankici ya cusa aljihu. A cikin bas kwandasta ya yi masa magana sau biyu kafin ya ji.

Matar Auta na zaune a barandar asibiti, idanunta sun yi jawur.

"Yaya, likita ya ce idonsa na hagu ya tafi. Na dama sai an kwance bandeji za a sani."

Ya sunkuyar da kai. Ya wuce ta ya shiga ciki.

A ɗakin gadaje shida ne, na Auta na ƙarshe kusa da taga. Kansa a naɗe, baki da ƙasan hanci kawai ake gani.

"Yaya ne," in ji Auta. "Tun daga ƙofa na ji kukan takalmin nan naka. Haba, ka sake shi ya huta mana."

"Yaya jikin?"

"Da sauƙi." Sai muryarsa ta sauka. "Tun jiya nake lissafi. Wallahi na duba agogon zafi, allurar tana inda ta saba. To amma tulun kai ka ɗaura, kuma aikinka ba ya ƙarya. Ke nan ni ne. Wataƙila gyangyaɗi ya ɗauke ni ban sani ba. Na zubar maka da mutunci, Yaya, kai da ka tsaya mini. Ka yafe ni."

Kai, gara mari da wannan magana! Mai Kwalabe ya kalli ƙofa. Ba wanda ya ga kwalbar nan sai shi da Allah. Sa hannu ɗaya ne, ya ci gaba da zama Baba wanda ba a tantamar aikinsa, Auta kuma ya zauna cikin duhu yana zargin kansa har ƙarshen ransa.

Ya jawo kujera. Ya kwance hankicin, ya kamo hannun ƙanensa ya buɗe tafin, ya ɗora masa guntun.

"Mene ne wannan?"

"Matsa ka ji."

Auta ya matsa. Robar ta nutse, ta marmashe tsakanin yatsunsa. Shekara tara yana ganin yayansa na zaro guntaye daga kwalabe, ya san yadda mai koren ɗigo take fitowa, tauri tsaf kamar ba a jiƙa ta ba. Ya sake murzawa a hankali.

"Ta layin mai ce," in ji shi.

"Ita ce. Idona ne, Auta. Ya fi shekara ina ɓoyewa. Kuma ban jira kwana ukun ba."

Fanka na ta juyawa a sama. Can gadon gefe wani na kiran nas. Mai Kwalabe ya jira a ƙwace hannun, ko a zage shi, wallahi da ya fi masa sauƙi. Auta bai ƙwace ba, ya dai dunƙule yatsunsa a kan robar.

"To ba ni ba ne," ya faɗa can ƙasa-ƙasa, kamar mai gaya wa kansa. Sai ya juyar da kansa wajen bango. "Je ka gaya musu, Yaya. Ka tsaya a duba maka idon kafin ka fita, likitan yana ƙofa ta biyu."