Shayi Mai Warin Ƙasa

Garkar ba tawa ba ce. Ta Kawu Halidu ce, ƙanen uwata. Gonar noman rani ce, tana cikin kwari yamma da Tabotaki, da rijiya guda wadda ba ta ƙafewa sai zafi ya kai maƙura. Aro ya ba ni tun shekarar da ruwa ya yanke rabin gonata ta gero. Sauran rabin duwatsu ne, ko akuya sai ta duba kafin ta taka. Kowace shekara bayan girbi Kawu yakan hau jakinsa ya zo garkar, a dafa mishi shayi ƙarƙashin bagaruwa, ya sha na fari da na biyu da na uku, ya miƙe ya ce, "To, ku ci gaba." Iyakar yarjejeniyarmu ke nan. In bai faɗa ba, babu albasa gare ni a ranin.

Bana na fi kowace shekara buƙatar maganar nan, saboda ɗana Mu'awiya ya dawo daga ƙasar Sin. Ya yi shekaru can shina yi wa wani ɗan kasuwar garin Tawa lodin kaya a kwantena. Maigidan ya karye, takardun yaro sunka ƙare, ya dawo da jaka guda da tari. Na ce mishi ya zauna mu yi albasa, hannu huɗu ya isa ya cika garkar duka. Bai yi murna ba, amma ya amsa.

"In garka ta samu, na zauna, Baba. In ba ta samu ba, ba ni zama ina kallon duwatsu."

Na san inda ya nufa. Ramukan zinariya na arewa, inda yaran garinmu ke tafiya, wasu a ji muryarsu a waya, wasu a ji labarinsu. Uwarsa Biba ma ta sani. Kuma mun san Munir, mijin ɗiyar Kawu, ya sayi injin ban ruwa tun bara, shina neman inda zai kafa shi.

Cikin jakar Mu'awiya akwai wani abu naɗe da takarda marar kauri. Da ya buɗe sai ga baƙin abu, zagayayye kamar ƙaramin faifai, da tauri, da rami a tsakiya.

"Tun daga Sin ka ɗauko muna kashin shanu?" in ji Biba. "Ai da ka faɗa, da na tara maka a bayan gida."

"Shayi ne, Inna."

"Shayin da ya mutu."

Ya zauna ya yi muna bayani. Wai akwai kasuwa a garin da ya zauna, layi bayan layi, ba a sayar da komi sai ganyen shayi. Wata tsohuwa mai shago ta zaunar da shi, ta yi ta ba shi shina ɗanɗanawa, daga sabo har tsoho, ba ta nemi komi ba sai da ya zaɓa da kansa. Wanga irin, sunansa fuwar. Tara ganyen suke yi tsibi, su yayyafa ruwa, su rufe har ya yi zafi ya canza, sannan su danne shi su ajiye shekaru. Wai ƙara tsufa, ƙara daraja. Wanda ya sayo ya girmi ƙanwarsa da munka aurar bara.

"Wato daudawar shayi," na ce.

"Kusan haka."

"Kuma kuɗi ka ba da."

Ya ce ya ba da, da yawa ma. Ban tambayi nawa ba, don kada in zage shi ranar dawowarsa.

Dafa shi ma ba irin namu ba ne. Mu ganye da ruwa da sukari muke haɗawa cikin buta, mu ɗora a gawayi ya yi ta tafasa, mu yi ta juye har kumfa ya tsaya. Shi ruwa kawai yake tafasawa. Ya sa bakin wuƙa ya ɓantaro ɗan kaɗan, ya jefa cikin wani farin kofi mai marfi, ya zuba ruwan zafi, nan take ya tsiyaye ya zubar. Wai wanki ne, ganyen ya daɗe shina barci. Sannan ya sake zubawa, kafin ka gyara zama ya tace. Ruwan ya fito ja-baƙi kamar jiƙon bagaruwa. Ba kumfa, ba sukari.

Na sha. Warinsa kamar ka leƙa cikin tsohon rumbu, ko ƙasa in ruwan farko ya sauka. Ba ɗaci. Shina wucewa maƙogwaro sumul, ya bar wani ɗan zaƙi can baya, wanda ba ka san daga ina ya zo ba. Na ce ba shayi ba ne. Washegari na sake sha. Bayan mako guda ni ke tambaya ko ruwa ya tafasa.

Da Kawu ya aiko zai zo ranar Talata, Mu'awiya ya ce shi zai yi mishi shayi. Na ce a yi na kullum.

"Baba, lokotoron asibiti ya hana Kaka sukari. Shayinmu ba sukari kamar maɗaci ne. Wanga ba ya son sukari. Kuma mi muke da shi a gidan nan da ya fi shi daraja?"

Maganarsa gaskiya ce. Tun da anka kai Kawu asibitin mishan aka ce ciwon suga ne, shayi ya zame mishi azaba. Na yarda.

Ya iso da hantsi, Munir na jan jakin. Mun shimfiɗa tabarma kusa da fangalin da munka yi renon iri, irin ya fito kore shar. Kawu ya kalli irin. Ya kalli Mu'awiya, ya yi dariya, don akwai wasan jika da kaka tsakaninsu.

"Ɗan Sin, an ce can kwaɗi kuke ci. Shi ya sa ka rame?"

"Kewar matarka ce ta rame da ni, tsoho. Ka riƙe min ita da kyau?"

"Ta ce ba ta son mai tari."

Duk munka yi dariya, har Munir. Raina ya ɗan kwanta.

Mu'awiya ya fito da abin daga takardarsa. Ya ɓantara, ya zuba ruwa. Kawu ya miƙo hannu, don na fari nasa ne, shi ne babba, shi ne baƙo, shi ne mai ƙasa. Mu'awiya bai ga hannun ba, idonsa na kan kofi. Ya karkata shi ya zubar da baƙin ruwan a ƙasa, dab da ƙafar Kawu. Ƙasa ta shanye.

Hannun ya tsaya a sama, sannan ya koma cikin riga.

"Wa ka ba wannan?" in ji Kawu.

"Ba kowa, Kaka. Wanki ne. Haka suke yi."

"Su wa?"

"Mutanen can."

Kawu shekarunsa sun kai ya tuna lokacin da ake zuba wa iskoki masu kwarin nan nono da jini kafin a sa fartanya. Ubansa ne ya hana. Na ga fuskarsa, na gane abin da ya tuna, sai na yi saurin cewa kullum haka yake yi a gida, ni ma ina sha.

"Kullum," in ji Munir, a hankali, kamar mai ajiye kalmar.

Mu'awiya ya miƙa na biyu da hannu biyu. Kawu ya karɓa, ya kai hanci. Ya daɗe. Ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya haɗiye da ƙyar don kunyar tofarwa gaban jika.

"Tasi'u," ya ce mini, "ƙasa ce wannan."

"Ganye ne, Kawu. Tsufa ne ya sa shi haka."

"Na noma ƙasa kafin a haife ka. Na san ɗanɗanonta."

Ya ajiye kofin. Bai sha na uku ba. Ya ce wa Munir ya kawo jaki, rana ta yi. Na raka su har bakin shinge ina jiran ya ce ku ci gaba. Ya ce in gaida Biba.

Kowa a ƙasarmu ya san abin da ake cewa: in kana son ka riƙe filin mutum, ka jiƙa ƙasar filin ka ba shi ya sha, bakinsa ba ya sake iya cewa a mayar. Ban taɓa ganin wanda ya yi ba. Amma ba wanda bai ji ba. Da dare ya yi cikin Kawu ya ruɗe, kamar yadda yake ruɗewa duk wata tun da ya fara shan ƙwayoyin asibiti. Kafin Juma'a mata a rijiyar gari sun gama labarin. Biba ta dawo da tulu rabi, ta shiga ɗaki.

Na ɗauki abin da takardarsa na tafi gidan Kawu. Na iske shi kwance a zaure, Munir zaune gefensa. Na gaishe shi, ya amsa gajere. Na buɗe, na ɓare gefen da hannuna, na baza ganyen a tabarma.

"Duba, Kawu. Ga ganye, ga kara. Ina ƙasa a nan?"

Bai duba ganyen ba. Takardar ya ɗauka. Rubutun Sin ne a jiki, ja, zagaye da da'ira, da wani ɗan murabba'i mai gida-gida a ƙasa.

"Wanga hatimin wa ya rubuta muku?"

"Sunan masu yin shi ne."

"Karanta min."

Ban iya ba. Boko ma aji biyu na yi. Na ce a kirawo Mu'awiya. Kawu ya ce shi ma iya karantawa ya yi? Ban yi ƙarya ba, na ce magana ya iya kaɗan, rubutu a'a.

"To kun ba ni abin da ba ku san mi an rubuta a kai ba."

Na ce a kawo ruwan zafi in sha gabansa, in sha duka in ya so. Munir ya ce ai wanda anka yi dominsa shi yake kamawa. Na ce da shi ba da kai nake ba, mai inji. Nan na yi kuskuren ɗaga murya a zauren kawuna, kuma ba a mayar da wannan. Kawu ya ɗaga hannu.

"Ni ban ce ka yi ba, Tasi'u. Ɗan 'yar'uwata ne kai. Amma tun ranar nan, in na yi niyyar cewa a mayar min da garka, sai in ji harshena ya yi nauyi. To ina son in ga ko zan iya faɗa." Ya yunƙura ya zauna. "Ku mayar min da garkata."

Ya numfasa kamar wanda ya sauke buhu. Har murmushi ya yi.

Na ce iri fa, ya isa dashe. Ya ce Munir zai saya, ba za a cuce ni ba.

Washegari da safe Munir ya zo da mutum biyu da shebur. Sunka haƙe wurin da ruwan ya zuba, zurfin gwiwa, sunka kwashe ƙasar a buhu, sunka kai ta can bayan dutse. Mu'awiya na tsaye shina kallo, hannu a aljihu. Da sunka tafi ya juyo wurina.

"Da sukari na sa, Baba, da bai ji warin ba."

"Da ka sa sukari, da sun ce kashe shi ka so yi."

Na je wurin mutum uku masu garka a kwarin. Na farko ya ce 'ya'yansa sun dawo. Na biyu ya ce sai baɗi. Na uku ya fito ya tare ni a ƙofa, ya ce in yi haƙuri, shi ba ya shan shayi yanzu. Ban yi mishi tayin shayi ba.

Mu'awiya ya tafi ranar kasuwar Buza. Biba ta soya mishi ƙuli da gari, ta ɗaure a leda, ba ta fito rakiya ba. A tasha na ce mishi ko ya jira damina, mu gwada rabin gonar. Ya ce mun gwada ta shekara nawa? Motar Agadas ta cika, sunka ɗora shi bisa kaya, shina tari. Ya ce in ya samu rezon waya zai kira.

Dashe ya kama, ba ni da abin yi, gero kuma ba zai kai mu lokacin zafi ba. Munir ya aiko shina neman masu aikin yini. Ya ce ya fi son ni, don na san inda ruwa ke kwanciya da inda ƙasa ke da gishiri. Na tafi. Irin da na rena da hannuna shi nake dasawa, layi-layi, injin na ƙara a bakin rijiya. In azahar ta yi sukan dafa shayi ƙarƙashin bagaruwa. Munir ke dafawa da kansa. In na matso kusa da buta sai ya ce in huta, na gaji, zai miƙo min.

Mu'awiya ya kira sau ɗaya daga Agadas. Ya ce sun sami motar da za ta shiga da su ciki, wurin ramukan zinariya. Biba na kai wayar caji kowace safiya wurin mai sola.