Bawul Don Hannun Hagu

Yayana ya shekara arba'in da ɗaya yana tuƙa tarakta a gonar shanu. Ni kuma bakanike ne, rumfata tana bakin titin da ya bi ta bayan gonar, kuma duk abin da ya lalace a can ni ake kira. Shekara uku kacal ya ba ni, amma har yau, da furfurata da komai, Auta yake ce mini ko a gaban wa.

Taraktar tana da hannayen ƙarfe biyu a gaba, da bokiti mai faɗi a ƙarshensu. Da shi ake kwashe kashin shanu, da shi ake kai musu dusa, da shi ake ɗauko garewanin madara kowace safiya daga wurin tatsa zuwa ɗakin sanyi. Abin da ke motsa bokitin nan mai ne kawai. Famfo ya tura man cikin tiyo, man ya isa wani ɗan akwatin ƙarfe da muke kira bawul, bawul ya raba masa hanya. A kan bawul ɗin akwai liba guda ɗaya, sandar da ake ja a sarrafa shi, a hannun daman direba. Na sha zama ina mamakin abin. Mai ne fa, wanda ko a tafin hannu ba ya tsayawa, amma in ka rufe masa ƙofa sai ya ɗaga abin da ƙarti goma ba za su ɗaga ba. Wani lokaci nakan ɗora sukudireba a jikin bawul, in kara kunne a ƙotar, in ji man yana gunaguni kamar wanda aka kulle a ɗaki.

Wata safiya Yaya ya sunkuya zai ɗaure takalmi, sai ya kife. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, amma ta zo da sauƙi. Cikin wata huɗu ƙafar ta dawo, bakin ya miƙe. Hannun dama yana ɗaguwa daga kafaɗa, har yana iya juya sitiyari da tafinsa, sai dai yatsun sun ƙi rufuwa. Ko cokali ba sa riƙewa, balle liba.

Ran wata Laraba Manaja ya zo gidan. Mutumin kirki ne, a haife Yaya ya haife shi. Ya zauna a bakin kujera yana juya hularsa a hannu.

"Baba Direba, wata huɗu ke nan masu tatsa suna karɓa-karɓa a kan taraktar, sun kusa kashe ta. Mai gona ya ce ran Litinin a kawo sabon direba."

Yaya ya sunkuyar da kai. Yana kallon hannunsa da ke kwance a cinya. Ɗiyarsa, wadda ta dawo gidan tana jinyarsa tun da matarsa ba ta raye, ta tsaya a bakin ƙofa da butar shayi, ta kasa shigowa.

Ni ne na yi magana, ban ma san ta fito ba. Na ce, "In liba ta koma hagu fa?"

Manaja ya ce, "Ana yin haka?"

"Mai bai san dama ba, bai san hagu ba. Inda ka buɗe masa nan yake bi."

Yaya ya ɗago. "Auta, kai da ka taɓa haɗa wa keke fanka?"

"Ai fankar ta juya."

"Ta juya, ta cinye maka riga."

Manaja ya yi dariya, dariyar wanda ya samu hanyar fita. Ya ce ya yarda, da sharaɗi biyu. Tsohuwar liba ta zauna inda take saboda masu hannun dama. Sannan ran Litinin da safe Yaya ya ɗauki madara daga wurin tatsa ya kai ɗakin sanyi. In ta isa, kujerar tasa ce, shi zai san abin da zai gaya wa mai gona.

Na samo sabon bawul a shagon kayan tarakta, cikin kwali, da takardarsa a naɗe. Ni aji huɗu na tsaya a makaranta, kuma tun da nake ban taɓa bin takarda a aiki ba, kunne da hannu nake bi. Amma wannan aikin na Yaya ne, sai na ji tsoron kaina. Na shimfiɗa takardar a kan benci, na danne gefunanta da notoci. Turancin ya fi ƙarfina, amma zanen a fili yake, kibiya huɗu. A ja liba baya, hannaye su tashi. A tura gaba, su sauka. A kai ta hagu, bokiti ya naɗe ya rungume kaya. A kai ta dama, ya zubar. Na duba tsohuwar liba, haka take. Na ce madalla, takarda da ƙarfe sun yi baki ɗaya.

Na sauke bokitin ƙasa, na kashe inji, na yi ta kaɗa tsohuwar liba har man ya huce, don tiyo mai matsi in ka kwance shi yakan huda fata. Mai walda ya zo ya liƙa mini farantin ƙarfen da bawul zai zauna a kan murfin tayar hagu, daidai inda gwiwar hannu ke sauka. Yana aiki yana tsiya.

"Tarakta mai hannu biyu, direba mai hannu ɗaya, bakanike mai rabin kai. Allah ya raba mu da ganin ƙarshen wannan."

"Kai dai liƙa da kyau, kada ta faɗo kamar haƙoranka."

Na karkato da babban tiyon famfo ya fara shiga sabon bawul, daga nan ya wuce tsohon, na ja wani ya mayar da rarar mai tanki. Sauran huɗun, biyu na ɗagawa, biyu na bokiti, na ɗaura wa kowanne tsumma mai launi daban don kada in rikice. Kwana uku ina kwance ƙarƙashin ƙarfe, mai yana ɗiga mini a gemu. Wani noti ya yi ta yoyo har sai da na canza masa roba sau biyu. Ran Asabar da yamma na tada inji, na tsaya a kan matakala da takarda a hannu ɗaya, liba a ɗayan. Baya, ya tashi. Gaba, ya sauka. Hagu, ya naɗe. Dama, ya zubar. Kamar yana karanta takardar tare da ni.

Ran Lahadi na je na ce wa Yaya ya zo ya gwada.

"In gwada me? Shekara arba'in da ɗaya ina kanta, sai yanzu zan je koyon tuƙi, masu tatsa suna leƙe ta taga?"

Ɗiyarsa ta ce, "Baba, ko sau ɗaya ne, ka bi Baffa ka taɓa ta."

"Ke, guge mini rigar aikin nan kawai."

Ban matsa ba. Na ga yadda yake ta murza yatsun hagunsa tun da na shigo, kuma rabon da in ga idonsa da haske haka tun kafin ya kwanta.

Litinin da safe ya iso cikin gogaggiyar riga. Ya hau da kansa, ya ture hannuna da na miƙa masa. Masu tatsa suka jera garwa shida cikin bokitin yana ƙasa, kowace cike, murfi a danne. Manaja yana tsaye a gefe ya harɗe hannu. Wata mai tatsa, tsohuwa da suka fara aiki a shekara ɗaya da Yaya, ta buga tayar da tafi.

"Tsohon banza, ashe ba ka mutu ba."

"Ina zan mutu in bar ki kina zuba wa madara ruwa?"

Ya tada inji. Ya ɗora tafin dama a sitiyari, ya kama sabuwar liba da hagu, ya ja baya. Bokitin ya tashi a hankali, ko garwa ɗaya ba ta yi ƙara ba. Ya tsayar da shi daidai ƙirjin mutum, ya saka giya, ya fara tafiya. Muna biye da shi a ƙasa kamar masu rakiya.

A tsakiyar hanya akwai ɗan kwari inda ruwan wanki ke bi. Kowane direba in ya zo nan sai ya ƙara naɗe bokiti don kada kaya su zame gaba. Ina kallon hannunsa. Na ga ya jawo libar zuwa jikinsa.

A nan na gane, kafin garwar farko ta motsa. Yaya bai taɓa sanin liba da hagu da dama ba. Abin da jikinsa ya sani shi ne, in ka jawo ta wajen cinyarka ta rungume, in ka ture ta waje ta zubar. Da tana hannun dama, jawowa jiki shi ne hagu. Yanzu da ta koma ɗaya ɓangaren, jawowa jiki ya zama dama.

Bakin bokitin ya sunkuya. Na yi ihu, "Tura waje! Yaya, tura waje!" Ƙarar inji ta cinye muryata. Shi kuma da ya ga garewani suna zamewa, sai ya ƙara jawowa da ƙarfi, har libar ta taɓa gwiwarsa. Bokitin ya kife gaba ɗaya. Garwa shida suka faɗo, murafu suka tashi, ɗaya ta gangara ta wuce ƙafar tsohuwar nan da kamar taki guda. Madara ta cika kwarin, ta bi hanyar ruwan wanki, fara fat, tana tafiya a hankali.

Yaya ya kashe inji. Ya sauko ta baya, ya bar ni da hannun da na sake miƙa masa, ya bi ta gefen madarar ya fita ta ƙofar gona.

Na kama Manaja na nuna masa. Na ce laifina ne, tiyo biyu ne kawai, mai jan tsumma da mai shuɗi, in na musanya su an gama, minti goma bai kai ba. Ya daɗe yana kallon kwarin. Sannan ya ce, "Musanya. Zan ce wa mai gona taya ce ta faɗa rami. Gobe ya sake."

Na musanya, na gwada da makullin da ke wurin Manaja, wannan karon a zaune a kujerar. Da rana tsaka na isa gidan da mai har gwiwar hannu. Yana ɗakinsa a bakin gado, bai cire rigar ba, makullin taraktar yana kan tabarma kusa da ƙafarsa. Ɗiyarsa ta ajiye abinci, ya huce ba a taɓa ba.

Na durƙusa na zana masa a ƙasa da yatsa, ga liba, ga cinya, ga tiyo. Na ce hannunsa daidai ya yi, ni ne na bi takarda. Na ce Manaja ya ba da gobe, zai ce wa mai gona taya ce ta faɗa rami.

Ya saurara har na gama. Ya ce, "Na sani, Auta. Tun ina hanya na gane abin da ka yi."

"To shi ke nan, gobe..."

"Tsaya. Wata shekara wani ya haɗa mini tiyon ɗagawa a juye. Kafin bokiti ya motsa da faɗin yatsa, hannuna ya riga ya juya, ban ma yi tunani ba. Yau ina kallon garwa tana tafiya, ina kallo da idona, na ci gaba da ja. Ɗaya, biyu, har shida. Wannan ba tiyonka ba ne." Ya ɗago ya dube ni. "Da tsohuwar nan ta matso taki ɗaya fa?"

"Wata huɗu ba ka hau ba. Kwana biyu kawai, hannun zai saba."

"Baba, ka ji Baffa mana," in ji ɗiyarsa daga bakin ƙofa.

Ya tura makullin da ƙafa har ya taɓa gwiwata. "Kai wa yaron nan. Ka ce na gode, kuma kada ya yi ƙarya saboda ni, ya gaya wa mai gona yadda aka yi." Ya dubi hannayena. "Aikin ya yi kyau, ko ɗigo ban gani ba. Je ka wanke hannu ka zo mu ci abincin nan, ta gaji da ɗumamawa."

Muka ci, shi da hagu, yana zubarwa kaɗan a rigar. Ran Alhamis sabon direba ya fara aiki. Dogo ne, ya ce libar hagu tana bugun gwiwarsa in zai sauka, sai Manaja ya aiko a kira ni in cire ta. Na je da sifana da bokitin tarar mai. Kafin masu tatsa su gama wanke garewani na gama.