Ƙafar Mai Gwaji

Tun daga tagar ofis mai gwajin tuƙi ya gane motar. Farar bas ce da tsufa ya mayar ruwan toka, an zana agwagi a jere a gefenta. Ita ce ke tsayawa kullum da safe a ƙofar gidansa ta ɗauki 'yarsa zuwa makaranta. Tsohon da ke goge gilashinta da tsumma kuwa shi ne mutumin da ya fara ɗora masa hannu a kan sitiyari.

Doka ta ce duk direban da ya manyanta, in dai yana ɗaukar mutane, ba a sabunta masa lasisi sai ya sake hawa titi da mai gwaji a gefensa. Mai gwaji ya shiga wajen shugaban ofis.

"Yallaɓai, a ba wani wannan."

"Ɗan'uwanka ne?"

"Ubangidana ne. Shi ya koya mini tuƙi."

"Doka ta hana ɗan'uwa na jini, ba ta ce komai kan ubangida ba," in ji shugaban, ko kai bai ɗaga ba. "Abokin aikinka ya kai matarsa asibiti, layi kuma ya kai bakin ƙofa. Je ka yi aikinka."

Da tsohon ya hango shi sai ya saɓa tsumman a kafaɗa ya yi murmushi.

"Birki, kai suka ba ni? To, na faɗo hannun gida."

Sunan ya samo asali ne tun yana karen mota. In ya zauna a gefen direba, ko kaza ce ta gifta sai ya danna ƙafar dama a ƙasa, kamar akwai birki a wurin. Ya girma, ya yi aure, ya samu aikin gwamnati, amma ƙafar ba ta daina ba. Ko a tasi ya zauna haka take yi, har matarsa kan ce wata rana sai ya huda motar mutane.

"Baba, yau ba Birki ba ne," ya ce. "Yau ma'aikaci ne."

"To, ranka ya daɗe ma'aikaci, bismilla. A ɗaga ƙofar kaɗan kafin a ja, ita ma ta manyanta."

Cikin motar na warin man fetur da ɓawon lemo. A ƙarƙashin kujerar baya akwai takalmin yaro wari guda. Inda fasinjan gaba ke ajiye ƙafa tsatsa ta cinye, an lulluɓe wurin da fallen kwano, kusa ɗaya ta saki. Da mai gwaji ya ɗora takalminsa a kai sai kwanon ya ce ƙwas.

Ya karanto abin da yake karanta wa kowa. "Zan faɗi hanya, kai ka bi. Ba zan taimaka maka da komai ba. In na taɓa sitiyari ko na ja birkin hannu, gwaji ya ƙare, ka faɗi."

"Na ji. Wannan muryar a ofis ake raba ta, ko saye kuke yi?"

Suka fita. Tsohon bai rage komai ba. Giya na shiga masa babu kuka, yana sakin kuloci kamar mai ajiye jariri. A gaban asibiti allon gefen titi ya ce talatin, allurar gudu ta zauna a kan talatin ba ta motsa ba. Ya ba wata mata hanya a mahaɗa, ya ɗaga mata hannu. Wani matashi a jar mota ya zabga masa hon ya wuce ta hannun da ba a wucewa, tsohon ya bi shi da kallo.

"Wannan ku kuka ba shi lasisi?"

"Ba ni ba ne, Baba."

"Kowa haka yake cewa."

Mai gwaji ya ji hankalinsa ya fara kwanciya. An riga an gwada idon tsohon a ofis, ya karanta allon haruffa har layin ƙasa. In aka ci gaba a haka, zai sa hannu da zuciya ɗaya.

Bayan shataletale wani mai babur ya ɓullo daga lungun dama. Ƙwas, in ji kwano. Motar ta tsaya cak, mai babur ya wuce. Gaba kaɗan wata mata riƙe da hannun yaro ta sako ƙafa a kwalta, ita ma daga dama. Ƙwas. Motar ta tsaya.

A karo na biyun ne wani abu ya soki mai gwaji. Kwanon ne ya fara magana, sannan birki ya kama, sai daga baya kan tsohon ya juya yana neman abin da ya tsaya dominsa. Ya zuba ido. Duk abin da ya fito daga hagu, tsohon kan rage gudu tun kafin ƙafar mai gwaji ta motsa. Daga dama kuwa sai kwano ya yi ƙara. Allon haruffa a gaban mutum ake rataye shi, babu wanda ke tambayar abin da yake gani ta gefe.

Suka hau wani miƙaƙƙen titi, babu mutum babu dabba. Mai gwaji ya danna ƙafa da gangan. Ƙwas. Tsohon ya taka birki har takalmin yaron nan ya gangaro gaba.

"Me ka gani, Baba?"

"Rami."

Kwaltar sumul take. Mai gwaji ya janye ƙafarsa ta dama a hankali, ya cusa ta ƙarƙashin kujera, ya maƙale ta a bayan ƙarfe.

Sun yi tafiya mai ɗan nisa. Tsohon bai kalle shi ba, amma ya ji shirun kwanon.

"Miƙe ƙafarka mana, Birki. Wurin da faɗi."

"Na fi jin daɗin haka."

"Za ta yi tsami."

"Ba komai, Baba."

Yatsun tsohon suka ƙara matse sitiyari. Allurar gudu ta sauka ƙasa da abin da allo ya ce.

Mai gwaji ya shiga lissafi da zuciyarsa. Har yanzu babu laifi ko ɗaya da zai iya rubutawa. Ba a kayar da mutum don ya ga ramin da babu. In ya ce su miƙe, babban titi ne mai shinge a gefe, babu abin da zai fito daga dama, su koma ofis ya sa hannu, doka ba za ta tuhume shi ba. In kuwa yana son sanin gaskiya, sai wani bawan Allah ya fito daga dama, shi kuma ya yi shiru ya gani. Wato zai yi tarko da mutumin da bai san ana yi ba, wanda ya fito neman abincin iyalinsa. Ya tuna shekarar da babu wanda zai ba shi ko tsintsiya ya riƙe, wannan tsohon ya miƙa masa makulli ya ce, "Tayar." Ya kuma tuna kujerar da 'yarsa ke zama, ta jikin taga, hannun dama.

Mahaɗar ta matso.

"Dama, Baba. Ta bayan 'yan katako."

"Ba babban titi ake bi ba?"

"Duka biyun suna cikin hanyar gwaji."

Tsohon ya kunna sigina, ya juya kansa gaba ɗaya har da kafaɗa, ya karya kwana.

Layin 'yan katako matsattse ne. Injin yanka na ihu a cikin rumfuna, garin katako na tashi, kuma duk lungunan da ake fito da kaya ta dama suke ɓullowa. Tsohon ya sa giya ta biyu. Yana tafe yana juya kai, dama, gaba, dama, gaba, kamar mai neman gidan da ya manta. Gumi ya jiƙa masa bakin hula. Lungu na farko ya hango mai keke ya tsaya masa. Na biyu babu kowa. Mai gwaji ya kama kansa yana addu'a su fita layin lafiya, ko da bai samu amsar da ya zo nema ba.

Sai wata babbar mota ta fara baya-baya daga hagu, wani na buga mata jiki yana ba da hannu. Tsohon ya mayar da fuskarsa can, ya ɗan kauce mata zuwa dama, ya ƙara wuta kaɗan don ya wuce kafin ta toshe hanya.

Daga lungu na gaba bakin amalanke ya leƙo, an lafta masa dogayen katakai. Mai turawa ya sunkuyar da kai yana dannawa da ƙirji, kayan sun tare masa gani.

Mai gwaji ya gan shi sarai. Ƙafarsa ta zabura a ƙarƙashin kujera, ƙarfen ya kankare masa ƙwauri. In ya sake ta, ƙwas ɗaya ya isa: tsohon zai tsaya, babu wanda zai san an yi, gwaji ya ci gaba. Ya danne ta. Ya kalli fuskar ubangidansa yana jira. Juyo, Baba. Juyo. Amalanken ya fito rabi. Har yana iya ganin igiyar da aka ɗaure katakan da ita, da tsagewar rigar mutumin a kafaɗa. Idon tsohon na dama a buɗe yake, yana fuskantar wajen, bai ko ƙifta ba.

Mai gwaji ya kai hannu ya fizgi birkin hannu da dukkan ƙarfinsa.

Tayoyin baya suka ja ƙasa, motar ta karkace, injin ya mutu. Bakin wani katako ya daki fitilar dama, gilashinta ya zube a kwalta.

Mai amalanke ya ɗago, ya dubi katakon, ya dubi ƙafafunsa, sannan ya zagayo wajen tagar direba yana haki.

"Baba, idon naka a gida ka baro shi? Saura ƙiris ka mayar da 'ya'yana marayu."

"Yi haƙuri, ɗana," in ji tsohon.

Mutumin ya ga furfura, ya ga rigar aikin da ke jikin na gefe, ya yi tsaki ya koma ya ja kayansa. Masu rumfuna da suka leƙo suka koma bakin injinansu.

Hannun mai gwaji na nan a kan birkin. Tsohon ya sunkuyar da kai ya kalli hannun, ya daɗe yana kallo.

"Da ka taka kwanon, da na tsaya."

"Na sani, Baba."

"Ka sani."

"Tun yaushe?" in ji mai gwaji.

"Tun bara idon dama ya fara rufewa ta gefe. Gaba ina gani tar." Ya goge fuska da tsumman gilashi. "Malamar da ke raka yaran, a kujerar nan take zama. Matsoraciya ce, ta fi ka taka shi. Ban taɓa ko shafar wani ba."

"Ta san da ƙafarta kake tuƙi?"

"Me zai sa ta sani?"

"Ranar da ba ta zo ba fa?"

"Sai in rage gudu."

Babbar motar nan ta gama juyawa, direbanta ya yi musu hon su ba shi hanya. Babu wanda ya motsa a cikinsu.

"Bari in tambaye ka, ma'aikaci," in ji tsohon. "Da mutumin nan ya mutu, wa ya kashe shi? Ni da ban gan shi ba, ko kai da ka gan shi ka ɓoye ƙafa?"

Mai gwaji ya janye hannunsa daga kan birkin.

"Da 'yarka ba ta shiga motar nan, da ta layin nan za ka kawo ni?" tsohon ya sake tambaya.

"Ban sani ba, Baba."

"To. Gara da ba ka yi mini ƙarya ba."

Doka ta ce wanda ya faɗi ba ya mayar da mota ofis. Tsohon bai jira a tuna masa ba. Ya zare makulli ya ajiye a kan kujera, bai miƙa masa a hannu ba. Ya sauka, ya zagaya ta gaba yana dafa motar, ya tsaya ya ture fasasshen gilashin da gefen takalmi zuwa bakin kwata, kada ya huda tayar wani. Sannan ya ɗaga ƙofar fasinja kaɗan, ya ja ta ta rufu.

Mai gwaji ya zauna a kujerar direba. Ta lotsa daidai jikin wani, ba nasa ba. Ya saki birkin hannu, ya tayar, suka fita daga layin.

"Gobe da safe yara za su tsaya a ƙofar gida," in ji tsohon, yana kallon gabansa. "Kai za ka gaya wa iyayensu. Ka fara da matarka."

"Zan gaya musu."

"Ka gaya musu ban taɓa shafar kowa ba."

"Zan faɗa, Baba."

Suka biyo ta gaban asibiti. Hankalin mai gwaji na can wajen mai amalanke, bai lura ƙafarsa ta yi nauyi a kan totur ba. Sai ya ji ƙwas a gefensa.

"Talatin aka rubuta," in ji tsohon.

Mai gwaji ya ɗaga ƙafa, allurar ta sauko. Har suka shiga harabar ofis tsohon bai sake kiransa Birki ba.