Fam da Naira a Littafin Kumai

Shekarun da aka bar fam aka koma naira, maigidana Kumai sana'ar citta yake yi. Yakan saye ta busasshiya a Kagoma, ya loda a jirgin ƙasa zuwa Ikko. A lokacin Kafanchan gari ne mai rai. Da kukan jirgi muke sanin lokacin ɗora tukunya, in wata ya ƙare kuma ma'aikatan reluwe su cika kasuwa, kowa da kekensa yana walƙiya. Shagonmu yana bayan tasha, ƙamshin citta har a zannuwana.

Da daminar 1974 takarda ta zo daga ofishin haraji, wai za a binciki littafinsa na shekara biyu. Mai binciken saurayi ne mai tabarau, ba ya dariya, amma ba ya wulaƙanta mutum. Kwana biyu ya yi zaune a kan buhu yana buɗe shafi yana tambaya. Da sakamako ya fito, aka ce Kumai ya ɓoye kusan rabin ribarsa, zai biya naira dubu da ɗari biyu har da kuɗin tara.

Kumai dattijo ne a majami'armu. Ya daina cin abinci sosai.

"Afiniki," ya ce mini, "kuɗin ba su dame ni kamar kalmar nan ta ɓoyewa ba. Da wace fuska zan tsaya gaban jama'a ran Lahadi?"

Wasu suka ba shi shawara ya kai wa mai binciken akuya. Ni kuwa na ce mu nemi Silvanus, ɗan ƙawata ta Zangon Kataf, wanda yake aikin lauya a Jos.

"Lauya ai na masu kisan kai ne," in ji Kumai.

Ban yi musu ba. Washegari na ɗaura ɗankwali na hau jirgi.

Silvanus ya duba kwanan watan takardar sakamakon, ya ƙirga da yatsa. "Mama, kwana talatin ake ba mutum ya rubuta cewa bai yarda ba. Saura muku shida. Da kin ƙara mako, da magana ta yi wuya."

Tare muka dawo. Ya cire kwat, ya zauna da littafin tun safe har rana ta karkata, sannan ya kira maigidana.

"Baba, a Disamba ka rubuta kuɗin kowane buhu tara, a Janairu goma sha takwas. Citta ta yi tsada haka?"

"Ina! Naira na fara rubutawa."

"Ka sa alama?"

"Wace alama? Kowa ya san an canja kuɗi."

Ashe littafin tsohon bugu ne, kowane shafi da alamar fam a samansa, kuma har lokacin 'yan kasuwa da yawa da fam suke lissafi. Mai binciken ya ɗauka duka fam ne, kuma da yake fam ɗaya naira biyu ne, sai ya ninka abin da ya riga ya zama naira.

Kumai ya fara murna, Silvanus ya tare shi. "Tsaya, Baba. Ɗakuna biyun da ka ba ma'aikatan reluwe haya, ban gan su a nan ba. Wannan kam za mu faɗa da bakinmu, kuma za ka biya."

Ranar zama a ofis Silvanus ya gargaɗi Kumai: abin da aka tambaye shi kawai zai amsa. Ni ina kan benci a waje, ina jiyo muryar Silvanus a hankali, yana jera takardun lodin jirgi, yana nuna yawan buhunan bai canja ba. Ya kuma kawo kuɗin dako da na buhu, waɗanda doka ta yarda a cire amma Kumai bai taɓa cirewa ba. Saurayin mai tabarau ya sake lissafi da kansa, ya ce, "Baba, kuskuren karatu ne. Za a gyara."

Naira casa'in muka biya. Ladan lauya arba'in, Kumai ya yi ta mita a kai har wata guda, ko da yake da kansa ya kai masa Jos, ya haɗa da doya.

Daga nan Silvanus ya zama ɗan gida. Kowace Kirsimeti sai ya zo da iyalinsa, su zauna da Kumai ƙarƙashin mangwaro suna gardamar siyasa. Ranar da muka binne maigidana ya zo da furfura a kansa, shi ya riƙe gaban akwatin har bakin kabari.