Igiya Ɗaya ta Rage wa Nafisa

A Ƙaura Namoda, bayan tashar jirgi, akwai wani tsohon sito da aka daina zuba hatsi a cikinsa. Nan Malam Davou, mutumin Jos da ke koyarwa a wata sakandare, ya tara 'yan ƙungiyarsa ta wasan kwaikwayo. Ba irin na talabijin ba, ba kuma na waya ba. Irin wanda mutum zai tsaya da ƙafafunsa gaban jama'a, ya yi magana, ya yi waƙa, in ya yi kuskure kowa ya gani.

Wasan da suke shiri na manoma ne. Bayan girbi za a kwaso mutane daga Ɗan Isa da Dauran har da Katuru, waɗanda yawancinsu ba su taɓa zaman kallon irin wannan ba. Labarin wani magidanci ne da ya sayar da irin geron da matarsa ta ɓoye don shuka, ta yi masa faɗa, ya kore ta. Tana kai bakin ƙofa sai kalangu ya tashi, ta rera waƙar bankwana. Davou ya sha faɗi cewa wannan waƙar ita ce wasan, sauran duk 'yan rakiya ne.

Mai waƙar kuwa Nafisa ce, tela, wadda in ta saki murya a bakin keke har masu wucewa kan rage tafiya. Mijinta Armiya'u, mai gyaran babur, uban 'yarta Muhsina, ya ce ya yarda ta shiga, amma ba namijin da zai tsaya gaban mutane ya kira ta matarsa sai shi. Faɗuwa ta zo daidai da zama, don dama Davou na neman wanda zai fito a mijin.

Sai dai Armiya'u bokonsa bai yi nisa ba, takarda tana ba shi wahala. Aka haɗa shi da Beatrice, mai shagon magani, wadda aikinta a ƙungiya shi ne ta zauna bayan labule da takarda tana tuna wa wanda ya manta. Ita ta faɗa, shi ya maimaita. Haka suka yi ta yi, har ya zama duk abin da ya fito daga bayan labule bakinsa ya riga kansa ɗauka.

Ranar da suka fara gwada ƙarshen wasan, Beatrice ta ce daga bayan labule, "Je ki, na sake ki."

Armiya'u ya nuna Nafisa da yatsa, ya ɗaga murya, ya maimaita.

Tambari makaɗi, maimakon ya saki kiɗa, sai ya saki salati. Nafisa ta ɗora hannu a ka. Davou ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya ce, "Mene ne kuma? Ai ya yi kyau! Haka nake so, da ƙarfi!"

"Malam," in ji Tambari, "matatai ce fa."

"Na sani. Ai wasa ne."

"Wagga magana ba ta san wasa ba."

Abin da Davou bai sani ba, shekarar farko ta aurensu Armiya'u ya taɓa sakin Nafisa saki ɗaya cikin fushi, aka yi kome kafin ta gama idda. Igiyoyin aure uku ne, kowa ya sani. Ɗaya ta tafi tuntuni. Ga wannan kuma.

Kafin magariba magana ta kai kunnen Baba Tsoho, ƙanin mahaifin Nafisa, wanda shi ya ba da aurenta. Ya tasa Nafisa da Armiya'u gaba har zauren limamin unguwa. Liman ya saurara, ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce malamai ba su haɗu kan magana guda ba. Wasu na ganin bai auku ba, tunda bakin wani ya ara. Wasu kuma na cewa mace dai tasa ce, kuma ita ya duba ya faɗa. Ya sa Armiya'u ya mai da ita nan take gaban shaidu, sannan ya ce, "Ku ɗauka guda ta rage. Ku riƙe ta da hannu biyu. In ta tsinke, ba mai iya ƙulla muku ita."

Suna fitowa Baba Tsoho ya juyo. "Ke, kin ji dai. Ba ki ƙara taka ƙafa cikin wanga sito."

Nafisa ta durƙusa, kanta a ƙasa. "Baba, na ji maganar Liman."

"Tawa fa?"

"Ita ma na ji ta. Amma Baba, waƙa ba ita tas sake ni ba. Baki yas sake ni, kuma baki ana rufe shi."

"Mi kika ce?"

"Baba, wancan karon ba dandali, ba kalangu, cikin ɗakina aka yi shi, kan miya. Ba ka ce in bar yin miya ba."

Armiya'u ya sunkuyar da kai kamar ƙasa ta tsage ya shige. Baba Tsoho ya buga sandarsa, ya ce to shi ya wanke hannunsa, amma ranar wasan zai zo ya zauna a gaba, ya ga da idonsa yadda mutum ke rusa gidansa don a tafa masa.

Washegari aka zauna a sito neman mafita. Davou, wanda bai ko runtsa ba don kunya, ya ce a canja mijin. Armiya'u ya ce sai dai a bar wasan. Davou ya ce to a cire wurin korar gaba ɗaya. Nafisa ta ce in ba a kore ta ba, bankwanar me za ta yi? Can sai fuskar Davou ta washe.

"Na samu! Kada ya yi magana. Ya rubuta a takarda kawai, ya miƙa mata."

Tambari ya faɗi kan kalangunsa yana dariya har da hawaye. "Malam, don Allah koma Jos! Ai sakin takarda shi ya fi cizo!"

Daga ƙarshe aka tsaya kan cewa Armiya'u zai yi shiru, ya nuna ƙofa da hannu, zuciyarsa ba komai, ita kuma ta ɗauki ƙullinta ta fita. Aka gwada, ya tafi daidai. Beatrice ce kaɗai ba ta nan, ta tafi Zurmi jinyar wata ƙawarta. Davou ya ɗauka Nafisa za ta gaya mata canjin da aka yi, Nafisa ta ɗauka Davou ya gaya mata.

Ranar wasa, bayan la'asar, filin makaranta ya cika. Maza gefe, mata gefe, yara bisa katanga. An jera teburan aji an yi dandali, an ɗaura zannuwa an yi labule. Beatrice ta sauko daga mota ana gab da farawa, ta shige bayan labule da tsohuwar takardarta. Baba Tsoho ya zauna sahun gaba, sanda tsakanin gwiwoyi.

Mutanen ƙauye ba su san ana yin shiru ba. Da Armiya'u ya ɗauki buhun iri yana sanɗa, wata tsohuwa 'yar Katuru, Uwani, ta miƙe tsaye tana kira, "Ke yarinya! Tashi, ga shi nan za ya hita da shi!" Da Nafisa ta buɗe rumbu ta tarar wayam, wani mutumin Dauran ya ɗaga hannu ya ce ta kwantar da hankali, shi yana da ragowar tiya biyu. Davou na bayan dandali yana murna yana fargaba.

Aka zo wurin faɗa. Nafisa ta zazzage wa mijin wasan abin da ke cikinta, mata suna guɗa, maza suna gunaguni. Sai wani daga baya ya yi ihu, "Kai, kana tsaye? Sake ta mana!" Wasu suka kama. "Sake ta! Sake ta!"

Armiya'u ya ɗaga hannu ya nuna ƙofa, bakinsa a rufe, yadda aka tsara. Amma ihun ya ruɗa shi. Hannun ya tsaya a sama, idonsa ya yi zuru-zuru, zufa na bin wuyansa. Bayan labule Beatrice ta ji shiru ya yi yawa, ta duba takarda, ta ce lallai ya manta. Ta matso da bakinta jikin zane.

"Je ki, na sake ki."

Nafisa ta ji. Ta kuma ga leɓen Armiya'u ya motsa.

"Je ki, na..."

Ba ta san lokacin da ta tsallake wani buhu da ke tsakaninsu ba. Ta ɗora tafin hannunta kan bakinsa, ta danne, har kansa ya yi baya. Ta ji numfashinsa da zafi cikin hannunta, ta ga idonsa ya dawo, ya gane inda ya kusa faɗawa. Ba ta cire hannun ba. Ta juya ta fuskanci jama'a.

"Wa ke cewa a sake ni? Kai mai jar hula, kai ne? Kai ka kai sadakina?"

Mata suka fashe da dariya. Mai jar hula ya nutse cikin mutane.

"Shi yas sai da irina, kuma ni za a kora? Ba wanda ke sakina cikin wanga gida. Ni za ni tahi da ƙafata gidan babana, in na huce in dawo da ƙafata. Kafin nan ya nemo gero inda yak kai shi. Ko ba haka ba, Inna?"

"Haka na, ɗiyata!" in ji Uwani. "Danne shi da kyau!"

Sannan Nafisa ta sassauta murya yadda shi kaɗai zai ji. "Baban Muhsina, zan cire hannu. Ko uffan."

Ya gyaɗa kai. Tana cirewa ya ɗora nasa hannayen biyu a kan bakinsa, ya zauna kan buhu.

Ta ɗauki ƙullinta, ta yi wa Tambari ido. Kalangu ya tashi. Waƙar bankwana ce aka tsara, ta kuka, amma yadda ta fito daga bakinta ranar ba mai cewa ta kuka ce. Ta taka dandali daga wannan gefe zuwa wancan, teburan na rawa ƙarƙashinta, mata na amsa mata amshin da ba wanda ya koya musu.

Da aka watse, Beatrice na kuka tana cewa wallahi ba wanda ya gaya mata, Davou na ba kowa haƙuri har da wanda bai yi wa laifi ba. Baba Tsoho ya ratso su, ya tsaya gaban Armiya'u.

"Kai, ka ƙarasa ta?"

"Ban ƙarasa ba, Baba."

"Na ji da kunnena, ina dai son in ji da bakinka." Ya juyo wurin Nafisa, wadda ta riga ta durƙusa. "To, kin ga inda kika kusa kai mu. Ya ishe ki?"

"Ran Alhamis muna da wasa Shinkafi, Baba."

Baba Tsoho ya ja tsaki, ya nuna Beatrice da kan sanda.

"A aje min kujera kusa da wagga mai takarda, ni za ni tsare bakinta."