Akwatin Taro na Hamajoɗa

Kun gani. Kada wani a Jimeta ya ce bai gani ba, domin a bakin titi aka yi abin, da rana tsaka, kuna wucewa kasuwa kuna kau da kai.

Manasseh mai gyaran agogo yana durƙushe gaban akwatin ƙarfen, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Ya jefa sabon kwabo. Akwatin ya yi ƙwar, ya tofo shi ƙasa. Ya jefa kwabo biyar, shi ma ya tofo.

"Injiniya," in ji maƙwabcinsa Hamajoɗa daga kan tabarma, "ba kai ka ce har agogon coci ka tayar ba?"

"Bappa, agogo daban. Wannan taurin kai ne da shi kamar mai shi. Kusurwa yake nema. In bai ji kusurwa goma sha biyun nan na taro ba, ba zai buɗe baki ba."

Hamajoɗa ya yi shekara tara a asibitin kutare. Ya dawo da takarda mai hatimi wadda ta ce ya warke sarai, da kuma abin da ya rage masa na yatsu. Ya kasa goro, goro ya bushe. Ya kasa gyaɗa, sai awaki. Da wani kamfanin Turawa na bakin kogi ya tashi rufewa, ya ga wannan akwati cikin kayan gwanjo: ka jefa taro, ka ja ƙarfe, minti ya faɗo a nannaɗe. Nan take ya gane. Ya sayar da gonarsa ta gado, ya sa aka turo akwatin a amalanke har ƙofar ɗakinsa.

Shekara huɗu kuna yin layi. Leburori, 'yan makaranta, har malaman ofis da fararen rigunansu. Wa kuke zaton yake loda mintin kowace safiya? Aljanu? Hannun nan ne dai. Amma tunda ƙarfe ya shiga tsakani, ciniki ya halatta.

Sai gwamnati ta canza kuɗi. Sule ya zama kwabo goma, sisi ya zama kwabo biyar, taro kuwa bai bar magaji ba. Kafin zafi ya kankama, banki ya kwashe shi daga hannun mutane.

Manasseh bai zauna ba. Ya faɗaɗa bakin akwatin da magagari, ya canza waya, ya rubuta wasiƙa Ikko da Turancinsa mafi kyau. Ba amsa. Ƙarshe Hamajoɗa ya buɗe bayan akwatin, ya juye mintin a faranti, ya ajiye a gabansa. Mintin jiya ne, cikin takardarsa ta jiya.

Umma mai ƙosai, wadda 'ya'yanta suka fi kowa jan ƙarfen nan, ta tsaya daga nesa da tirenta.

"Adda Umma, yau biyu kwabo. Na rage."

"Bappa, sai an gyara akwati tukuna. Yara sun saba da shi."

"Yara ne suka saba, ko uwar yara?"

Ta yi dariyar yaƙe, ta ƙara sauri.

Ran nan Hamajoɗa ya tallafo minti ɗaya a tafin hannunsa ya miƙa wa Manasseh. "Ladan aiki, Injiniya. Ba ka gyara ba, amma ka yi gumi."

"Ajiye a nan, Bappa, hannuna da baƙin mai. Zan ɗauka."

Tsohon ya dube shi, ya dubi hannun Manasseh, wanda ya wanke tas tun ɗazu. "To," ya ce, ya ajiye a bakin tabarma. Abin ya fi zagi zafi. Manasseh ya koma rumfarsa ya zauna gaban agogon wani, ya kasa ɗaura ko ƙusa ɗaya.

Zafin Yola ya narkar da mintin, tururuwa ta gama da sauran. Manasseh ya kai tuwo sau uku, sau uku kwanon ya dawo a rufe.

"Ni ɗan kasuwa ne," in ji Hamajoɗa. "Ban baro asibiti don in zauna bara ba. In kana son taimako, ka saya."

A lokacin babu sauran abin sayarwa. Tari ya kama shi, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya daina fitowa da tabarma. Ranar Talata da hantsi Manasseh ya yi sallama sau uku, ya ɗaga asabari, ya same shi kwance ya fuskanci alƙibla, ya ja mayafi har haɓa, kamar wanda ba ya son ya wahalar da kowa.

Ya sanar da unguwa rasuwar. Ya hura wuta, ya ɗumama ruwa, ya kawo bokiti da sabulu har bakin ƙofa, ya fara naɗe hannun riga. Wani dattijo ya dafa kafaɗarsa.

"Ka yi naka, Manasseh, Allah ya saka. Wankan gawa sai Musulmi ɗan'uwansa."

Manasseh ya ja da baya. Maza fiye da goma suna tsaye a inuwar bango, kowa ya sunkuyar da kai yana jan carbi, kowa yana jiran na kusa da shi ya motsa. Tururin da ke tashi daga bokitin ya yi siriri, ya ɗauke.

Ruwan yana hucewa. Wani cikinku ya cire takalmi ya shiga mana.