Ragowar Maruƙa

Sau biyu nas ɗin ta ɗora Zenaida a kan ma'auni, sau biyu ta sauke ta, tana bubbuga ƙarfen da yatsa kamar shi ne mai laifi. A karo na uku ta bar ta a tsaye, ta juyo wajen matata.

"Shekara huɗu kika ce?"

"Huɗu da wata biyu," in ji Herminia. "Ba ta son abinci ne. Ga shi dangin ubanta," ta nuno ni da haɓa, "duk guntaye ne."

Na yi dariya don na ga haka take so. Nas Ofelia ba ta yi ba. Ta tsuguna gaban yarinyar ta ce, "Zenaida, faɗa mini sunan babanki." 'Yata ta zuba mata manyan idanunta, ta yi tarin nan nata da ba ya ƙarewa, sannan ta ɓoye fuska a siket ɗin uwarta. Duk kalmomin bakinta a lokacin ba su cika ashirin ba.

"Ba ni hannunki, 'yar'uwa."

Ta buɗe tafin Herminia. Ga kanta nan ƙanana ƙanana, masu tauri kamar tsabar masara.

"Wanki ne," in ji matata.

"Ina kuke samun ruwan sha?"

"Famfon ƙauye mana. Amma ni ba na wasa da ruwa. Tun ina da cikin yarinyar nan ɗanyen ruwa bai taɓa shiga bakina ba, balle nata. Sai na tafasa shi ya yi ta ɓararraka har ya ƙone kusan rabi. Tambayi maigidan, kullum faɗa yake a kan itace."

Da alfahari ta faɗa, har tana ɗaga kai. Nas Ofelia ta daɗe tana gyara takardun da ba sa bukatar gyara. Daga baya ta ce watan jiya an auna ruwan rijiyar da ke ba famfonmu ruwa, an samu wata guba a ciki mai suna arsenik. Daga duwatsun can ƙasa take fitowa. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba a jin ta a harshe. Tana ratsa mahaifa ta sami jariri tun bai fito ba, ta tauye masa girma, ta raunana huhunsa, ta taɓa ƙwaƙwalwa.

"To ai ina tafasawa."

"Ƙwayoyin cuta wuta ke kashewa. Wannan ba ta da ran da za a kashe. Ruwan ne ke tashi ya tafi a tururi, ita ta zauna a tukunya." Ta sassauta murya. "Yadda kika daɗe kina tafasawa, haka take ƙara yawa a ragowar."

Herminia ba ta yi kuka ba. Ta tambaya a hankali, "Yaron da na haifa bara waccan, wanda bai zo da rai ba?"

"Ba zan iya rantsewa ba."

"Wannan fa?" Ta dafa cikinta, wata biyar.

"Ki daina shan ruwan nan yau. Ba gobe ba."

*

A baki abu ne mai sauƙi. A yankinmu na La Laguna kogin ya daina zuwa tun kafin a haife ni. Gonakin madara sun zagaye mu da ciyawar shanu, koriya shar a tsakiyar hamada, injinansu na zuƙar ruwan ƙasa ba hutu. Rijiyar da kakana ya ja da guga yanzu sai an nutsa bututu mai nisan da ba na iya ƙiyastawa, kuma can ƙasan gubar take. Hukuma ta taɓa gina mana ɗakin tace ruwa, aka shafe shi da shuɗin fenti, aka yanka ƙyalle, aka yi hoto. Wata uku ya yi aiki. Yanzu awaki ke kwana a inuwarsa. Ruwan roba kuwa sai birni, kuma albashin lebura ba ya ɗaukar shan mutum uku da girkinsu.

Ni a ɗaya daga cikin gonakin nake aiki, a garken maruƙa. Abin da na kasa gaya wa Herminia a hanyarmu ta komawa gida shi ne wannan: shekara uku da suka wuce, da hannuna na taya sauke wani babban injin tace ruwa a gonar. Likitan dabbobi ne ya sa a kawo, wai maruƙan ba sa ƙiba yadda ya kamata da ruwan rijiya. Na ji ya faɗa. Na ɗaure ƙusoshin, na koma gida na sha kofi da ruwan famfonmu, ban tambayi kowa komai ba.

Washegari na sami Eusebio, shugaban ma'aikata, yana cin waina da wake a bayan motarsa.

"Yallaɓai, jarka biyu kawai a rana. Daga famfon injin."

"Nicanor, Nicanor." Ya lashe yatsa. "Na ba ka yau, gobe ƙauyenku kaf ya yi layi a ƙofa, har da karnuka."

"Matata na da ciki. Ka ga 'yata ai, ranar bikin coci."

"Na gan ta." Ya daina tauna. "Saurara, mutumina. Ranar da na buɗe maka famfon nan, na amsa ke nan cewa ruwanku ba kyau. Mai gona ya ce wanda ya furta haka ya kama hanya. Ni ma da 'ya'ya."

Na juya zan tafi, ya kira ni.

"Wanda maruƙa suka sha suka rage a kwami, da yamma zubarwa ake yi, ko ba haka ba? To ni ba na kallon kwami."

*

Haka na fara durƙusawa kowace yamma a tsakanin maruƙa, suna tura ni da danshin hancinsu, ina kamfatar ragowarsu da gwangwani. Ran da suka ji ƙishi sosai, jarka ɗaya ma ba ta cika. Ruwan na zuwa da yawu da guntayen ciyawa. Herminia ta tace shi da farin ƙyalle, ta koma asibiti takanas ta tambaya. Aka ce mata wannan kam dole a tafasa, minti ɗaya ya isa. Takan tsaya a kan tukunyar tana ƙirgawa a fili, ta sauke da sauri kamar za a ƙwace.

Tarin Zenaida ya ɗan lafa bayan wata biyu. Tsawo dai bai zo ba. Da muka kai ta makarantar yara, malamar ta dube ta da tausayi ta ce mu dawo baɗi. Nas Ofelia ta gaya mana gaskiya: abin da aka tauye tun a ciki, ba duka ne yake dawowa ba. Ta rubuta wa hukuma takarda uku. Amsa ɗaya ta zo, cewa ana duba lamarin.

Wata Lahadi da hantsi, cikin Herminia ya shiga wata takwas, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Candelaria ce, maƙwabciyarmu, da jaririnta ɗan sati shida a kafaɗa. Nononta ya ƙafe, madarar gwangwani take dama masa. Ta kasa haɗa ido da mu.

"Yaya Herminia, na ji an ce kuna da mai kyau. Na damawa ɗaya kawai."

Ranar ba na zuwa aiki, abin da ya rage a jarkar bai wuce taƙi ɗaya ba, kuma shi zai kai mu yammacin Litinin. Herminia ta dubi jarkar, ta dubi Zenaida da ke zaune a ƙasa tana jera murafen kwalba, ta dafa cikinta. Ta karɓi kofin da ke hannun Candelaria, ta karkata jarkar a hankali, ta cika shi har baki ba tare da ɗigo ya zuba ba.

Na raka Candelaria bakin ƙofa. A wajen shinge, cikin rana, wasu mata biyu na tsaye, kowacce riƙe da kofi a bayanta.